Farin Dutsen Maƙwabciyata

Ni da ba na wuce Gummi sai in biki ko ta'aziyya ta kai ni, Allah Ya nufa sai da na tsufa zan ƙetare iyaka. Autata ce ta ja ni. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ta yi boko har ta zama malama, kuma wata makarantar kuɗi a Nijar, can gaba da Ƙonni, ta neme ta ta je ta koya wa yara Ingilishi, don su can Faransanci suke yi. Mijinta yana Kudu wajen nema. Ya ce ya yarda, amma sai in da tsohuwa tare da ita. Tsohuwar kuwa ni ce.

Mu uku muka tafi, ni da ita da ɗiyarta, wadda nake ce wa ƙawata. Yarinyar tana da wa, amma shi mun baro shi a maƙabartar Dareta. A can suke zaune shekarar da gubar dalma ta shiga garin. Maza na kawo dutsen zinari cikin gida, a fasa, a niƙa, a wanke, a shanya a inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san akwai mutuwa cikin ƙurar. Yaron ya yi ta jijjiga a hannun uwarsa har ya cika. Ƙanwar kuwa likitoci suka riske ta, aka kwantar da ita a Anka, ta sha magani ta tashi. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Aka ce mana kada ta ci ƙasa, a wanke mata hannu kafin ta kai baki, kada a sake fasa dutse inda take, kuma a riƙa kawo ta ana duba jininta. Wannan na riƙe shi kamar Fatiha.

Nijar ba ta ba ni tsoro ba da farko. Hausarsu irin tamu ce, sai dai makaranta su ce lakwal, kuma burodinsu dogo ne kamar sanda, in ya kwana sai an jiƙa shi a shayi kafin haƙorina ya iya da shi. Makarantar ta ba mu ɗaki biyu a wani gidan haya. Autata ta fita da safe da alli a jaka, ta dawo da rana tsaka muryarta a dushe, ta ci abinci ta miƙe, bayan azahar ta koma. Da yamma manyan 'yan matan makarantar su biyo ta gida, su zauna bisa tabarma suna murɗa harshe, ita tana faɗa suna amsawa. Suka ɗauki gaishe ni da Ingilishi don su ji me zan ce, ni kuwa in amsa musu da lafiya lau, ya gida, ya iyayenku. Su yi ta dariya har su kwanta a jikin juna.

To, ana nan ana nan, damina ta ɗauke, aka gama girbi. Wata safiya ina tankaɗe, sai na ji ƙara daga bayan ɗaki. Ƙarfe ne bisa dutse. Na san wannan ƙarar. Rariya ta suɓuce mini.

Na leƙa. Maƙwabciyarmu ce, wata doguwar mata mai 'ya'ya da yawa, zaune gaban tsibin wani farin dutse mai ƙyalli. Tana fasa shi da guduma, tana kakkaɓe laka, tana wankewa a baho, tana shanyawa a ƙasa. 'Ya'yanta suna birgima a gefe, fuska duk fari fat. Ƙawata kuma tana tsakiyarsu, da ɗan dutse a hannu.

Ban san lokacin da na sure ta ba. Na wanke ta da sabulu tun daga kai har tafin ƙafa, na sake wanke ta, tana kuka ina wankewa. Na goya ta, duk da ta girmi goyo, ƙafafunta na dukan cinyata.

Da uwar ta dawo na ce mata mu ɗaure kaya.

Ta je ta gani, ta tambaya, ta dawo ta ce: “Inna, ba irin shi ba ne. Wanga a daji mata ka tono shi, ana kai wa masu yin siminti. Kowa nan da shi ya tashi.”

Na ce: “A Dareta ma kowa da shi ya tashi.”

Ta zauna bakin gado ta rufe fuska da mayafi. Na san na taɓa inda bai kamata ba, amma ban janye ba. Da ta buɗe fuska sai ta ce ta sa hannu a takardar aiki sai ƙarshen shekara, ɗakin ma na makaranta ne, kuma in ta bar yaran nan a tsakiyar karatu ba wanda zai ɗora. Ta ce in yi haƙuri har hutu, lokacin da za mu kai yarinyar Anka duba jini.

Na yi haƙurin, amma na kafa dokata. Ƙawata ba ta taka tsakar gida. Daga gado sai tabarma, daga tabarma sai bayana. Na rataye tsohon bargo a taga. Ina yayyafa ruwa a ƙofa kafin in yi shara, takalman uwarta ma a waje suke kwana. In 'ya'yan maƙwabciya suka leƙo suna kiranta, in ce ta yi barci, alhali tana bayana tana jin su. In uwarsu ta aiko da fura, in karɓa in yi godiya, in zuba wa akuya.

Akuyar kuwa tata ce, ta gani.

Ta tare ni a bakin famfo, ta ce: “Inna, mu ƙazamai ne, ko hurarmu ce ba ta kai ta Najeriya ba?”

Na ce: “Ba haka ba ne, ɗiyata.”

Ta ce: “To yaya ne? Kin ɗaure yarinya kamar ɗan maraƙi. Mu nan ba mu cin yara.”

In na faɗa mata, kamar na ce tana kashe 'ya'yanta da hannunta ne, kuma ban da tabbas. In na yi shiru, kuma ta zama gaskiya, alhakinsu yana wuyana. Na ɗauki bokitina na wuce. Daga ranar gaisuwa ta rage tsakaninmu.

Abin da ya fi ci mini rai yarinyar ce. Ta daina tambaya. Ta daina waƙe-waƙenta. Ta zauna ta zuba wa bargon taga ido, in an ba ta abinci ta ɗan tsakura ta ture. Ni kuma duk shirun da ta yi sai in ce gubar ce ta dawo, in taɓa goshinta, in buɗe idonta in duba. Ban sani ba ko dutsen ke cin ta, ko ɗakin.

Da hutu ya zo, safiyar tafiya, na fita da cokali. Na kankaro ƙasa daga ƙofar ɗakinmu, na kankaro daga inda matar ke shanya, na tsinci ɓarɓashin dutsen. Na ƙulla kowanne a leda, na haɗa a bakin zane. Na tuna a Dareta ma'aikata suna da wata na'ura da suke ɗora wa ƙasa ta faɗi abin da ke ciki.

A bakin iyaka wani jandarma ya ga ƙullin ya yi nauyi, ya ce in kwance. Ya juya dutsen a tafinsa, ya dube ni.

“Hajiya, mutane na hita da dabino da cuku, ke tsakuwa? Can wurinku ta ƙare?”

Na ce magani ce.

“Maganin mi?”

Na ce na barci. Ya yi dariya, ya kira abokinsa ya nuna masa, ya mayar mini, ya ce in ta yi aiki in aiko masa da tasa.

Muka shiga Illela, muka canza mota a Sakkwato, muka sake canzawa a Mafara. An cusa mu tare da buhunan albasa, wani tsoho yana ta yi wa direba faɗa kan gudu. Yarinyar ta manne a gilashi tana kallon shanu. Da muka doshi Anka na ga jar ƙasar gida, ban ji daɗin da na saba ji ba, hannuna yana kan ƙullin.

Washegari aka ɗebi jininta a asibiti. Ni kuma na yi ta tambaya har aka nuna mini mai na'urar, wani mutumin Bukkuyum da ya yi aikin kankare gidaje. Na kwance masa ledojin bisa benci. Bai yi mini dariya ba. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa. Ya ɗora bakin na'urar a kan ta farko, ya jira, ya duba. Ya ɗora a ta biyu. Dutsen kuma ya juya shi ya gwada ta ko'ina.

Ya ce: “Inna, babu dalma ciki. Wagga ƙasa ta hi ta ƙofar gidana tsabta.”

Na ce ya sake. Ya sake. Ya ce ƙura dai ƙura ce, tana sa tari, a ɗan nisanta yara da wurin fasawa, amma ba irin waccan ba ce.

Bayan la'asar malamar asibiti ta kira autata. Na tsaya a ƙofa ina kallon bakinsu. Gubar da ke jinin ta ƙara sauka, ta yi ƙasa da ta zuwan baya. Sai malamar ta ɗaga hannun yarinyar ta ce me ya sa ta rame haka, ba ta wasa ne? Autata ta dube ni, na dubi ƙasa. Na fita na sami gindin wata bishiyar dogon yaro na zauna. Na daɗe ina hamdala, ban ma san hawaye na zuba ba sai da wata mai sayar da ƙosai ta matso tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Da muka koma Nijar ban shiga ɗaki ba, na wuce wurin maƙwabciya da ƙullin daddawa da yaji. Ta karɓa da hannu ɗaya. Na zauna bisa turminta ba a ce in zauna ba, na ba ta labarin Dareta tun daga farko, har yaron, har abin da na ƙulla a zane. Ta ajiye guduma. Ta daɗe tana kallon 'ya'yanta.

Ta ce: “Da kin hwaɗi tun rannan, Inna.”

Na ce: “Da mi zan hwaɗa? In ce ki bar abincinki kan zato?”

Ta ce: “Amma kin yi wa akuyata ƙiba.”

Muka yi dariya, tana share ido da gefen zane. Kafin mako ya zagayo ta mayar da fasa dutsenta bayan katanga, ban roƙe ta ba.

Tun ranar da muka yi maganar na kwance goyo na dire ƙawata a tsakar gida. Ta tsaya, ta waiwayo ni. Na ce je ki. Ta taka a hankali kamar mai shiga rafi, sai ƙaramar ɗiyar maƙwabciya ta zo ta ja hannunta, suka ɓace bayan ɗaki. Ba a jima ba na jiyo muryarta ta fi ta kowa, tana rantsuwa wai ba ita ta faɗi ba. Da ta dawo cin abinci, ƙafa da gwiwa duk ƙasa, na wanke mata hannu da sabulu kamar kullum, ta cinye tuwonta ta nemi ƙari. 'Yan matan lakwal suka zo suka baje tabarma, autata ta fara faɗa suna amsawa. Na jingina da bango ina saurare, har barci ya ɗauke ni a zaune, rana ba ta ko faɗi ba.