Malam Yari da Tantabarar da Ba Ta Iso Ba

A shekarun da na yi ina shugabantar makarantu a Katsina, na ga hanyoyi da dama na mayar da ɗalibi aji. Ta Malam Yari ce kaɗai na ga ya wajaba in rubuta.

Yari direban keke napep ne, haifaffen Ƙofar Durbi. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya hore masa magana. Da aski ya fara sana'a, amma mutane suka riƙa tashi da rabin aski saboda surutunsa. Sai ya koma keke, inda fasinja ba ya iya sauka sai an tsaya. Labarinsa guda ne: tantabarar da ya sayar a Jibiya, ta kamo hanyar gida. Babu mai rai da ya taɓa jin isowarta.

Nabil kuwa ɗan maƙwabciyata ne a Kambarawa, Hajiya Kubura. Yana ajin ƙarshe na sakandare murya ta maƙale masa a gaban taron ɗalibai, aka yi masa dariya. Daga ranar, kowace safiya sai ciwon ciki. Makaranta ta ce in bai koma ba kafin rajistar jarrabawa, za a cire sunansa.

Hajiya ta kai shi wurin Malama Naomi, masaniyar halayyar ɗan Adam. Ta hana bulala, ta hana faɗa. Ta tsara cewa kullum ya sa kayan makaranta, keke ya ɗauke shi a nufi makaranta, a tsaya inda tsoro ya kama shi, ya zauna yana jan numfashi har zuciyarsa ta kwanta. Washegari a ƙara matsawa. Yari aka ɗauka.

"Kada ka tilasta masa," in ji Malama Naomi. "Ka dai ɗan riƙa yi masa hira."

"Hira, Malama?" Idon Yari ya kawo ƙwalla. "Tun da nake, ba wanda ya taɓa roƙona in yi hira."

Ranar farko a bakin layi Nabil ya ce a tsaya. Yari ya kashe keke, ya juyo gaba ɗaya, ya faro daga kakar tantabarar. Nan da nan yaron ya lura cewa Yari yana rage magana in yana tuƙi, saboda ramuka.

"Baba Yari, mu ƙara gaba kaɗan."

"Ɗana, ba ka jin tsoro?"

"Ina ji. Mu dai tafi."

Malama Naomi ta ci gaba da ganinsa kowane mako, ta kuma gana da malamin ajinsu kan masu dariya. Ta ce ba ta taɓa ganin ci gaba mai sauri haka ba.

Ana gab da rufe rajista suka isa ƙofar makaranta. Hanya ta ƙare. Yari ya kashe keke, ya gyara zama.

"To, tantabarar nan tana kaiwa Batsari, sai ta tuna ƙanwarta..."

"Baba, Batsari ba ta kan hanya!" Nabil ya faɗa da murya mai ƙarfi, har maigadi ya miƙe. Ya suri jakarsa ya shige.

Ya yi rajista, ya zana jarrabawa. Yari har yau yana zuwa ƙofar lokacin tashi, domin a cewarsa yaron yana bin sa bashin ƙarshen labari. Nabil ta ƙofar baya yake fita.