Keken da Ban Taɓa Hawa Ba

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, ina sayar da kanwa a kasuwar Potiskum. Keke gare ni, amma ban iya hawa ba, har yau ɗin nan. Buhu nake ɗaure masa in tura.

Wata safiya wani ɗan sanda ya tare ni a bakin kasuwa, wai ya gan ni a kan keke ina zuba gudu a hannun hagu, sai na biya tara. Na ce ban hau ba. Sai ya ɗaga murya, a gaban 'yan rumfarmu kaf, ya ce, "Maƙaryacin banza!"

Kai! Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da mutanen Fika da Gadaka ke sayen kanwata ba sa kwance buhu, don in na ce mai kyau ce, to mai kyau ce. Idan na biya tara, ai na yarda ke nan ƙarya na yi.

Yayana ya yi ta lallashina. "Haba, sule nawa ne? Biya mu huta. Wa ke ja da mai kaki?"

Na ce, "Yaya, ko sisi. Sai gaban alƙali."

Ranar shari'a rabin layinmu suka rufe rumfa suka biyo ni, wasu don goyon baya, wasu kuwa kallo ya kawo su. Ɗan sandan ya maimaita zancensa, har da ƙarin gishiri. Ni dai cewa na yi, "Allah ya gafarta Malam, keken yana waje. A sa shi ya hau."

Alƙali ya fito da kansa. Ɗan sandan ya haye da fankama, ya taka feda, feda ta yi ta juyawa, keke ko gezau. Sai ji muka yi rim, ya zube. Ina zai tafi? Tun bara na cire sarƙar, don tana ɓata min buhu da baƙin mai.

Wurin ya kaure da dariya, Yaya har da riƙe ciki. Alƙali ya gyara rawani, ya ce a hankali, "Mai kanwa gaskiya ya faɗa."

Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, na baya ba su ji ba."

Ya dube ni, ya murmusa, ya sake faɗa da ƙarfi.