Rarar da Sai-Gobe Ke Bari a Riga

Faɗan farko da na ga maƙwabciyata tela Sai-Gobe ta yi, a kan tef ɗin awo aka kayar da ita. Matar mai gidan man da ke bakin titinmu ce ta kawo yadi, wadda yanzu kowa ke kira Shugaba saboda ita ke jan ƙungiyar matan unguwa. Sai-Gobe ta zagaya mata tef a ƙugu, ta nuna mata lamba da farce.

"Ƙarya ne," in ji matar.

"Mm?"

"Tef ɗinki ya sha wanki ya tsuke. Ni tun ina budurwa ƙuguna bai motsa ba."

Iyakar amsar Sai-Gobe ke nan, don bakinta cike yake da fil na kama yadi. Haka take aiki, ta jera su tsakanin leɓe tana zaro ɗaya bayan ɗaya. Ranar karɓar riga kuma matar ta juya cikinta, ta ga yadin da aka naɗe a gefe da gefe, sai ta ƙara hawa.

"Wannan tulin fa? Fatan ƙiba kike yi mini?"

A gabanta ta sa aka yanke rarar, ta sa aka ba ta haƙuri, ta kuma sa aka jefar da tef ɗin. A wurina aka sayi sabo, don haka ba zan ce faɗan bai yi wa kowa amfani ba.

Washegari da safe ina buɗe shago sai ga Sai-Gobe, ido a waje.

"Yaya, da na ce mata ai tef ba ya cin abinci!"

Na ce, "Ƙanwata, amsa ta yi kyau, sai dai mai ita ta tafi tun jiya."

Daga nan sunan ya bi ta. Baƙi suna zaton irin alkawarin teloli ne, a'a, ɗinkinta ba ya makara. Amsarta ce kullum sai ta kwana a hanya.

Ni zare da zif da maɓalli nake sayarwa, katako ɗaya ne ya raba shagona da nata. Katakon nan kuwa ya fi ni surutu, duk abin da aka faɗa can sai ya kawo mini. Tun muna da haƙoranmu duka muke maƙwabtaka. A kan keken ɗinkin uwarta, irin na hannu, ta koyi sana'ar. Ta auri direban bas, mutumin kirki amma rediyo ne, har ya koma ga Allah ba na jin ta taɓa kai ƙarshen magana a gabansa. Da keken nan ta raini 'ya'yanta, suka girma suka watse, ta rage ita da dutsen guga da kwandon ƙyallaye.

Abin da aka san ta da shi shi ne rara. Ba ta taɓa yanka riga daidai jikin mutum. Sai ta bar faɗin yatsu a kowane gefe, ta naɗe a ciki, ta bi da guga har ba a gani. In aka tambaye ta, sai ta ce jiki ba ya shawara da kowa.

To, ku matso in gaya muku amfanin rarar nan, ban da suna. Akwai iyaye mata da kan zo da rigar auren 'ya'yansu a cikin baƙar leda, ana saura kaɗan biki. Ba sa zama a benci, kai tsaye ɗakin baya suke wucewa. Sai katako ya kawo mini: "Yarinyar ta ɗan yi jiki, kin san zumuɗi." Sai-Gobe ta ce "mm", ta farke gefe, ta saki rara, ta leƙo wurina neman zare mai kalar yadin. Wata rigar ma sai ta sake dawowa kafin ranar. Bayan 'yan watanni a ce amarya ta sauka, bakwaini ne. Mu je barka, a miƙo mana bakwainin da sai ka sa hannu biyu ka yi nishi. Mu ce tubarkalla, mu dawo. Ban taɓa jin Sai-Gobe ta ɗaga maganar ba, ko da ni. Ni da bakina ba ya riƙe ruwa, a nan na koyi shiru.

Sai ga Mai Aljihu. Yarinya ce da ta zo koyon ɗinki ta zauna har ta zama hannun daman Sai-Gobe. Kowace riga ta ɗinka sai ta sa mata aljihu, ta ce mace ma tana da abin ajiyewa. Ita ta buɗe wa shagon shafi a waya, tana sa hotunan ɗinki, 'yan mata suka yi ta zuwa. Tana da saurayi, wani mai sayar da wayoyi, mai ƙamshin turare da doguwar magana. Kullum yana jingine a ƙofata yana ce mini Mama. Da ciki ya bayyana, sai ya bayyana cewa shi ma yana da wata tafiya. Ubanta ya ce kada ta sake taka masa gida. Sai-Gobe ta kwashe ƙyallaye daga ɗakin baya, ta shimfiɗa mata katifa. Keken nan da ɗakin nan, su ke nan abin da ya rage wa yarinyar a duniya.

Unguwa ta fara raɗa. Matan da ba su da abin ɗinki suka riƙa zuwa tambayar kuɗin ɗinki, idonsu a kan cikinta. Ran nan ta gaji. Ta saki rarar rigarta, ta tsaya gaban madubin shago, hannu ɗaya a aljihu, ta ɗauki hoto ta sa a shafinta. Ta rubuta a ƙasa: "Ban shirya ba, amma yana zuwa, kuma ni ce uwarsa. Masu leƙe, ku huta."

Wayyo! Na sa tabarau na karanta abin da aka rubuta mata har shayina ya huce. Wannan ya ce ta zubar da mutuncin mata. Waccan ta ce irinsu ne ke hana ruwan sama. Wani mai hoton zaki a madadin fuskarsa ya ce a kore ta daga gari. Jarumi ke nan, ko hancinsa bai iya nunawa ba. Akwai wadda ta rubuta doguwar nasiha, na gane ta sarai, ta taɓa zuwa da baƙar leda. Abin da ya fi ci musu rai ba cikin ba ne, hoton ne. "Ko kunya babu, har da sanarwa!" Wato da ta ɓoye, ta ɗaure ciki da zane har numfashi ya gagare ta, ko ta je wani lungu a yi mata abin da zai iya kai ta kabari, da sun ce yarinya mai tarbiyya.

Ni ban ce abin da ya faru daidai ba ne, ita ma ba ta ce ba. Na ji kukanta ta katako, na san ba biki take yi ba. Amma ciki dai ba a sayo shi a kanti. A makon nan mai wayoyin ya sa hotonsa jingine da sabuwar mota, kuma wallahi matan nan su ne a ƙasa: "Allah ya sa albarka, ɗanmu." "Allah ya tsare hanya." Hanyar da ya bi ya gudu ke nan ake roƙa masa tsari! Na rubuta masa, "Ɗana, akwai kujerar jariri a bayan?" Kafin in cire tabarau ya goge.

Na tambayi Sai-Gobe abin da za ta yi. Ta ce, "Yaya, ina tunani." Na ce mun shiga uku, kafin tunanin nan ya iso yaron ya fara tafiya.

Ranar da suka zo, da hantsi ne. Shugaba a gaba, mata na biye da ita, har da masu baƙar leda. Ɗinkin ƙungiya gaba ɗaya yana shagon, yadi jibge a kan kantar shagon, aikin da ke riƙe Sai-Gobe rabin shekara. Na bar shagona a buɗe na zo na tsaya a ƙofa, don irin wannan ba a barin wa katako. Mai Aljihu tana kan keke, hannunta ya tsaya cak. Sai-Gobe tana durƙushe tana kama bakin wani siket, fil cike da baki.

"Ba faɗa ya kawo mu ba," in ji Shugaba. "'Ya'yanmu mata suna shigowa shagon nan. Me za su koya?"

"Aljihu," na ce.

"Iya, ba da ke muke ba." Ta juya. "Ko yarinyar nan ta bar shagon nan yau, ko mu kwashe kayanmu, kuma babu wadda za ta sake kawo miki ko ɗankwali."

"Mm," in ji Sai-Gobe.

Mai Aljihu ta miƙe tana dafa tebur. "Anti, bari in tafi. Kada ki rasa aiki saboda ni."

"Kin ji, ita ma ta san abin da ta yi," in ji wata daga baya. "Da ma rufin asiri ta nema, da wa zai ce mata kanzil? Mu gidajenmu ba a san mu da wannan ba."

Na buɗe baki, don amsoshi sun cika mini shi har suna ture juna. Sai na ga Sai-Gobe ta ɗaga mini hannu. Ta miƙe a hankali, gwiwa na ƙara. Ta dafa kafaɗar yarinyar ta mayar da ita kan kujera. Sannan ta shiga zare fil daga bakinta tana soka su a ɗan matashin da ke ɗaure a hannunta, ba gaggawa, har bakin ya zama fayau. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta yi haka a tsakiyar aiki ba.

Yau yaron yana rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka, yana cinye mini maɓallai in na yi sakaci. Uwarsa tana kan kekenta. Yadin ƙungiya ko ƙyalle ɗaya bai bar kantar ba a ranar. Matan sun fita ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tuna ta bar tukunya a wuta, Shugaba ce ta ƙarshe, tana ta neman takalminta alhali yana ƙafarta. Abin da Sai-Gobe ta faɗa musu ran nan kuwa bai fi numfashi biyu ba. Ta dube su ɗaya ɗaya, ta nuna kantar da almakashi, ta ce:

"Yarinya tana nan. Ga kayanku can, ku ɗauka. Sai dai kafin bikin gaba, ku nemo wata telar da ta iya buɗe riga ta rufe baki."