Hannun Salihu a Cikin Tire

Salihu ɗan Goron Dutse ne, kuma a unguwar an san hannunsa kafin a san sunansa. Kuturta ta taɓa shi yana yaro, ta tafi da yatsu biyu na dama, aka yi magani ya warke sarai. Amma je ka gaya wa mutane haka. Ɗinkin takalmi kam gwani ne, sai dai duk shagon da ya zauna, ba aiki ke korarsa ba, cin abinci ne. A ware masa kwano a gefe, ya ci shiru, washegari ba a ganinsa.

Bana wani kamfanin takalma a Ƙofar Na'isa ya ce zai ɗauki masu buƙata ta musamman, wai haƙƙin al'umma ne a wuyansa. Har hoto aka yi, manaja Abdulmalik ya dafa Salihu. A kafaɗa fa, ba a hannu ba. Kamfanin kuma yana ciyar da ma'aikata: shinkafa da wake, tire guda, a zagaye shi.

Ranar farko, bayan azahar, Uwa mai abinci ta dire tire. Salihu ya wanke hannu ya zauna. Nan take Nazeer mai shafa gam ya tuna yana azumi, ga maiƙon ƙosai a leɓensa. Sauran suka duƙufa a waya. Shinkafa na ta tururi, ba mai taɓa ta.

Manaja ya leƙo, ya gane.

"Uwa, ko a zuba wa Malam Salihu a roba? Don ya sake."

Salihu ya janye hannunsa. Ya dubi ƙofa. Hanyar gida ba baƙuwarsa ba ce.

Sai ga Baba Gwadabe mai yankan fata, wanda ba a taɓa shaidarsa da tausayi ba, sai ci. Ya tsuguna ya ƙare wa tiren kallo.

"Kai, sabon zuwa, yatsu nawa gare ka?"

Salihu ya dubi hannunsa na dama.

"Uku, Baba."

"Alhamdu lillahi, ƙaramar loma. Waɗannan masu biyar-biyar sun gama da ni. Bismillah."

Ya cusa hannu daidai gaban Salihu, ya ɗauke tsokar da ke wurin.

Salihu ya dubi ƙofa, ya dubi gurbin naman.

"Baba, wannan nawa ne."

"To sa hannu ka kare sauran."

Ya sa. Nazeer dai bai karya azuminsa ba. Amma har bayan la'asar, keken ɗinkin Salihu na nan yana ƙara.