Gurbin Sadiku a Mafakar Baba Ilu

Kun dai san Baba Ilu ba ya shiga gini sai ya ƙwanƙwasa bango da makulli, ya kasa kunne. Mu huɗu muke haya tare a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa: shi da ni, da Yakubu mai gyaran AC, da Sadiku direba.

Shekarar da aka yi ta raɗe-raɗin yaƙi a yankin nan, ya tara mu a kicin. Ya ce bom mai guba yana tafe, kuma kuɗin cefanenmu ba zai haƙa rami ba.

"Mafaka mai araha ita ce wadda wani ya gina," in ji shi. "Wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa ya ishe mu. Kuɗin kuma a sayi ruwa da kifin gwangwani."

Yakubu ya ce a ƙara da na'urar auna guba.

"Wa ya ƙera ta? Ka san ubansa? Ga tantabaru nan a taga, kyauta. In sun faɗi, mu sauka."

Ya ba maigadi kilishi don ya bar mu mu ɓoye kayan a ƙasa. Washegari Baba Ilu ya kwashe su ya sake wuri.

"Wanda ya karɓi kilishina zai karɓi na wani."

Sai ya raba gurbi a mafakar, ya tsallake Sadiku. Wai cikinsa na mutum uku ne, tanadin ba zai ɗauke shi ba. Sadiku ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, ni zan zauna da tantabaru."

Ni kuwa abin ya hana ni sukuni. In na sauka na bar ɗan'uwana a sama, me zan ce wa Allah? Sai na je na sami Baba Ilu.

"Baba, a ba shi rabin nawa."

Ya dube ni. "Shi ya turo ka? Me ya ba ka?"

Na yi ta roƙo har korona ta zo ta kwantar da shi. Daga asibiti ya kira ni, numfashinsa sama-sama.

"Habu, kana nan kana damuwar taka? Ka gaya wa Sadiku na sa shi, ya ɗauki nawa gurbin. Amma ya ci ya ƙoshi kafin ya sauko."

Da na gaya wa Sadiku, wannan karon bai yi dariya ba.

Allah Ka jiƙan Baba Ilu, Ka yalwata masa makwanci, Ka amintar da shi daga duk abin da ya ji tsoro.