Tarar Fakin da Ta Karya Hannun Mukaila

Mukaila mutumin Kumasi ne, ɗan unguwar Aboabo. Na san shi a shekarar 2016, lokacin da na samu aikin jinya a wani asibiti a Dubai, na kama gado a wani filat a unguwar Satwa. Mu shida ne a ɗakuna biyu, ni kaɗai ne Bakano, sauran duk 'yan zangon Gana ne. Shi ne babba a cikinmu. Ya haura arba'in, gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa kamar turmi. Sunana Hadi, amma bai taɓa kira na da shi ba. Dokta yake ce min, ko da yake na sha gaya masa ni nas ne. Ni kuwa Yaya nake ce masa.

Akwai wani tabo da ya taso daga bayan kunnensa na hagu ya gangara ƙeya. Sai da muka shekara tare sannan ya ba ni labarinsa, wata Juma'a muna cin wake da shinkafa a kwano ɗaya. Ya ce yana saurayi yana cikin ƙartin da 'yan siyasa ke ɗauka haya lokacin zaɓe. Wata rana faɗa ya kaure a wata rumfar zaɓe, aka zaro adduna. A gabansa aka sare wa abokinsa Rauf hannu daga wuyan hannun. Shi kuma ya rarumi wani katako mai ƙusa ya sauke wa wani saurayi a ka.

"Na ji ƙarar kan nan, Dokta, kamar an fasa kwakwa," in ji shi. "Har yau ban sani ba ko ya tashi."

A ranar aka sare shi a ƙeya. Da ya warke ya gudu Accra, ya koyi tuƙi, ya auri Adizatu, suka haifi 'ya'ya uku. Kafin ya baro gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya rantse ba zai sake ɗaga wa ɗan Adam hannu ba. Tun daga nan, in ransa ya ɓaci sai ya mai da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, kamar ɗalibi gaban malami. Na sha ganin haka a filat ɗinmu, in ana rigimar banɗaki ko kuɗin wuta.

Aikinsa tuƙa motar ɗaukar kaya ta wani kamfani da ke da sito a Dubai Investments Park. Kekunan ɗinki da kayan gyaransu suke sayarwa, shi kuma yana rarraba wa teloli a Satwa da Bur Dubai.

Abin ya faru ne ranar wata Talata a watan Yuli na 2018, bayan azahar, rana tana dukan mutum kamar da gayya. Ban kasance a wurin ba. Amma kyamarar da ke ƙofar bayan shagon Baba Shu'aibu, wani tsohon tela mutumin Damagaram, ta ɗauki komai, kuma na kalli bidiyon ya fi sau ashirin.

Mukaila ya kawo wa Baba Shu'aibu manyan kekuna biyu. Babu wurin tsayawa a bakin titi. A bayan shagon akwai wani filin yashi da wani kamfani ya kewaye da waya yana karɓar kuɗin fakin. Ya tarar da sandar ƙofar a ɗage, na'urar ba da tikiti a mace, rumfar masu gadi babu kowa. Ya danna, ya sake dannawa, ba ta ba da komai ba. Sai ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya tura wa shugabansa na wurin aiki, kamar yadda ya saba yi da duk abin da zai iya jawo magana. Ya shiga, ya sauke kaya, ya taya tsohon ɗaura kekunan a kan teburansu. Minti ashirin da biyar.

Da ya fito, sai ya ga an sa wa tayar gaban motarsa mari, wani jan ƙarfe mai kwaɗo. A gilashi kuma an liƙa takarda: tarar dirhami ɗari biyar, saboda shiga ba tikiti.

Masu gadin biyu ne suka fito daga inuwar wani gini. Ɗaya ƙato ne da ake ce wa Kaftin, ɗayan siriri, riƙe da sandar ƙarfen da suke ɗaure marin da ita. Mukaila ya yi musu sallama, ya nuna musu na'urar, ya buɗe wayarsa ya nuna hoton.

"Habibi, duba da kanka," ya ce wa Kaftin. "Na'urarku ba ta aiki. Ku karɓi kuɗin awa ɗaya, khalas, shi ke nan."

"Goge hoton nan," in ji Kaftin.

"Don me zan goge?"

Kaftin ya fizge wayar, ya buga ta da ƙasa, ya taka da dunduniya. Sannan ya shara masa mari.

A bidiyon ana ganin lokacin da Mukaila ya mai da hannayensa baya. Mari na biyu ya karkata masa kai. Naushi ya biyo baya, a baki, leɓe ya fashe, jini ya zubo kan rigar kamfani. Bai motsa ƙafa ba. Ina jin wannan tsayuwar ce ta ƙara fusata su, don Kaftin ya shaƙe masa kwala ya buga bayansa da jikin mota har sau uku, yana yi masa ihu a fuska. Teloli da masu shaguna sun fara leƙowa ta bayan waya, amma babu wanda ya shigo.

Sai siririn ya zagayo ta gefe ya ɗaga sandar ƙarfen, ya nufi kai da ita. Nan ne kawai Mukaila ya saki hannayensa. Ya tare da na hagu. Baba Shu'aibu ya ce daga ƙofar shagonsa ya ji ƙarar ƙashin.

Abin da ya biyo baya bai kai daƙiƙa biyar ba. Mukaila ya sunkuya ya tashi, ya sa goshi ya ƙume Kaftin a tsakiyar fuska. Ƙaton ya zube a yashi kamar buhu, hanci ya baje, haƙora biyu a ƙasa. Kafin siririn ya sake ɗagawa, Mukaila ya damƙe sandar da hannun dama ya fizge, ya kwashe masa ƙafa. Mutumin ya faɗi rigingine. Mukaila ya tsaya a kansa, hannun hagu yana lilo kamar ba nasa ba, na dama ya ɗaga ƙarfen sama.

"Mukaila! Don girman Allah!" Baba Shu'aibu ne ya yi wannan ihun, yana tahowa da gudu ba takalmi. "Ɗana, kada ka kashe shi!"

Ƙarfen ya daɗe a sama. Sannan Mukaila ya wurga shi bayan waya, ya zauna a kan yashi mai zafi, ya rungume hannunsa. A haka 'yan sanda suka same shi.

Na gan shi da la'asar a gadon asibiti, ɗan sanda a bakin ƙofa. Ƙasusuwan dantsen duka biyu sun karye, ɗaya ya huda fata ya fito. Washegari aka yi masa aiki, aka sa masa ƙarfe da kusoshi. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya ta shi ne ko Kaftin yana da rai. Na ce yana da rai. Ya juya fuska bango.

"Na karya rantsuwa, Dokta."

"Yaya, kai aka nufa a ka."

"Ɗaga ƙarfen nan da na yi, ba kare kai ba ne. Ni na san abin da na yi niyya."

Bidiyon Baba Shu'aibu ne ya cece shi. Da 'yan sanda suka kalla, suka ga wanda ya fara. Kamfanin fakin ya turo lauya, aka zauna sulhu: za su biya kuɗin asibiti da na waya, kowane ɓangare ya janye ƙararsa. Masu gadin biyu kuma an sallame su. Mukaila ya ɗauki biro zai sa hannu, sai ya tsaya.

"Tarar fa?"

Lauyan ya yi 'yar dariya. Ya ce wannan wani sashe ne daban, ba ruwansa da shi, in yana da ƙorafi ya cike fom a shafinsu na intanet. A lokacin kamfanin su Mukaila ya riga ya biya an cire marin don a ɗauko mota, ya kuma yanke a albashinsa.

Duk mun ba shi shawara ya bar maganar. Ya tsira da bizarsa, bai kwana a kurkuku ba, me ya rage? Ya ce shi ba zai bar wata takarda a duniya tana cewa shi ne mai laifi a filin nan ba.

Ni na rubuta masa ƙorafin farko, yana faɗa ina bugawa a kwamfuta. Muka haɗa da hoton na'urar, wanda ya tsira saboda ya tura wa shugabansa, ga lokaci a jikinsa. Bayan kwana tara amsa ta zo: allon da ke ƙofa ya bayyana ƙa'idoji, tara tana nan. Da na karanta masa, ya tashi ya shiga ɗaki. Muka ji wata ƙara. Ya sa dunƙulen dama ya huda ƙofar durowar kayansa, katako ya tsattsage masa yatsu. Ni na wanke na ɗaure.

Karo na biyu da kansa ya je ofishinsu a Bur Dubai, hawa na uku a wani tsohon gini, hannu rataye a wuya, takardu a leda. Na raka shi. Matar da ke teburin karɓar baƙi tana ganin sunansa ta ɗaga waya. Ƙarti uku suka fito. Ɗaya ya kama shi ta kafaɗar hannun da ya karye yana tura shi wajen matakala.

"Yalla, waje!"

Na ga jijiyar wuyan Mukaila ta tashi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Na ce yau mun shiga uku. Sai ya sulale ya zauna daɓas a ƙasa, a tsakiyar ofis, ya danne hannun damansa ƙarƙashin cinya.

"Sai dai ku ɗauke ni," ya ce. "Amma ku sani abokina yana ɗauka a waya."

Ban ma fito da wayar ba sai a lokacin. Suka ja da baya. Mun yi awa ɗaya da rabi yana zaune a wurin, gumi yana ɗiga daga haɓarsa don azaba, har wani manaja ya fito ya karɓi takardun ya buga mana hatimin shaida. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Wata abokiyar aikina, Asama'u, ita ta nuna mana ofishin gwamnati da ke sauraron koken masu saye a kan kamfanoni. Muka shigar da komai: hoton, bidiyon, rahoton 'yan sanda, takardar da aka buga wa hatimi. A farkon Oktoba aka kira Mukaila a waya aka yi masa tambayoyi. Mako guda bayan haka kamfanin ya aiko da saƙon imel mai layi biyu: an soke tarar, za a mayar da kuɗin. Babu ban haƙuri. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce alhamdu lillahi, ya tafi masallaci.

Hannun bai koma daidai ba. Ba ya juyuwa sosai, ba ya iya riƙe sitiyari na dogon lokaci. Kamfaninsu ya mai da shi sito yana lura da shigar kaya da fitarsu.

A watan Disamba muka shiga abra, ƙaramin jirgin katakon da ke tsallakar da mutane daga Bur Dubai zuwa Deira. Muna zama sai na ji jikinsa ya sandare. Kaftin ne zaune gefenmu, mutum ɗaya ne tsakani. Ya rame, hancinsa a karkace, yana rungume da jaka. Shi ma ya gane mu. Jirgi ya riga ya tashi, ba inda wani zai je. Sai da muka kai tsakiyar ruwa sannan ya yi magana, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube mu ba. Ya ce ba su suka ɓata na'urar ba. Umarni aka ba su su bar ƙofa a buɗe, kuma duk motar da suka sa wa mari suna da kaso. Ya ce jibi zai koma ƙasarsu, an soke masa biza.

Mukaila yana ta kallon ruwa har muka isa. Da muka sauka ya yi tafiya kaɗan, ya dafa wani ƙarfe, ya sunkuya ya yi amai. Na ba shi ruwa ya kuskure baki.

"Da na buɗe baki, Dokta, da a ruwa zai ƙarasa maganar," ya ce.

Da cutar korona ta zo a 2020, sitonsu ya rage ma'aikata, sunansa yana ciki. Ya koma Kumasi a watan Agusta. Ya buɗe 'yar rumfa a bakin tasha yana tura wa mutane kuɗi ta waya, Adizatu tana sayar da koko da ƙosai a gefensa. Babbar 'yarsu, Faridatu, ta shiga makarantar koyon ungozoma. Mun yi magana ta ƙarshe a damunar 2021. Ya ce in hadari ya haɗo ƙarfen da ke hannunsa yana yi masa tsami har kafaɗa, wane magani zai sha? Na faɗa masa sunan maganin, na ce ya riƙa gasawa da ruwan ɗumi, in bai daina ba ya je a ɗauki hoton ƙashin. Ya ce to, ga masu jira a layi, ya kashe wayar.