Yadda Peronel Ta Lanƙwasa Iyakar Vorenne

Peronel mai kiwon agwagi ba ta taɓa barin ƙauyensu ba, amma sau uku ƙasar Vorenne tana sauya ubangida a idonta: da yaƙi, da gādo, har da lokacin da aka haɗa ta dungum cikin kayan auren wata gimbiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Wanda ke ranta shi ne Odo mai gasa burodi, gwauro mai tumbi da dariya kamar tsawa. Gidansa kuwa yana ƙetaren rafi, a ƙasar wani ubangidan, kuma doka ta hana talaka yin aure a wajen ƙasar ubangidansa. Shekara tara suna hira daga gaɓa zuwa gaɓa da ƙarfin murya, duk ƙauye yana ji.

Da tsohon mai ƙasa ya mutu, magajinsa da maƙwabcinsa, ubangidan ƙetaren rafi, suka shiga jayayya kan iyaka, ga takardu sun ƙone. Aka ce a nemo wanda ya fi sanin dajin ya taka iyakar a gaban shaidu. Kowa ya nuna Peronel.

Ranar ta sa agwaginta gaba, tana biye, bayanta magatakarda da limamin coci da barade biyu suna zufa cikin sulke. Ta bi rafi har gada, sai ta tsallaka, ta zagaye gidan Odo da tanderunsa da lambun albasarsa, ta dawo.

Magatakarda ya ja ya tsaya. "Iya, iyaka ce take lanƙwasa haka?"

"Ɗana, dubi agwagin nan. Ni na ce su bi ta nan?"

Agwagin kam tuni sun yi layi, don Odo ya yi mako guda yana watsa musu ɓarɓashin burodi a hanyar. Barden maƙwabci, wanda ya kamata ya musa, bakinsa cike yake da burodi mai zafi. Liman ya kawar da kai ya dubi sama. Aka kafa dutse, aka rubuta, gidan Odo ya koma cikin Vorenne.

Da kaka aka ɗaura auren. Peronel ta yi rawa har takalminta ya faɗa kaskon miya, Odo ya hau benci zai yi waƙa, bencin ya karye da shi da mutum huɗu. Sun shekara goma sha ɗaya tare, kuma kusan kullum sai sun yi gardama kan wanda ya fara kawo dabarar.